Wace Waƙa Za Ta Ja Gaba? Tsokaci a Kan Yadda Kamfanonin Faifai Ke Zaɓen Singil

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai kilishi ya san al'adar ɗanɗano. Kafin a shiga maganar kuɗi sai ya ɓallo ɗan gefe ya miƙo, kuma a kan wannan ɗan guntun ne ciniki zai faɗa ko ya watse. A kasuwar waƙoƙin pop ta Amurka da Birtaniya ma haka lamarin yake. Mawaƙi zai shafe watanni, wani lokaci ma shekaru, a sutudiyo yana tara waƙoƙi goma ko goma sha biyu a kundi guda, wato abin da ake kira albam. To, amma babu gidan rediyon da zai sa su duka. Tilas a ware guda a tura ta gaba ta yi wa sauran sallama, ita ce ake kira singil.

A wannan tsokaci za mu dubi yadda kamfanonin faifai ke yin wannan zaɓe, da inda suke dacewa, da inda suke tafka kuskure. Ra'ayinmu kuwa shi ne yawancin kurakuran daga tsoro suke fitowa. Kamfani yakan ɗauki waƙar da ta yi kama da wadda ta yi kasuwa jiya, ya ajiye wadda babu mai iya yin ta sai wannan mawaƙin. Mun kawo batun a waɗannan shafuka ne domin duk mai fasahar da ya tara ayyuka da yawa, alhali guda ɗaya za a fara gani, ya san nauyin irin wannan zaɓe.

Asalin Al'adar

A shekarar 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai, wanda kowane gefensa ke ɗaukar sama da minti ashirin. A 1949 kuma kamfanin RCA Victor ya fito da ƙaramin faifai mai juyi 45 a minti ɗaya, wanda ke ɗaukar waƙa guda a kowane gefe. Daga nan aiki ya rabu biyu. Ƙaramin faifai mai araha ne, shi matasa ke saye, shi ake aika wa gidajen rediyo. Babban faifai kuwa shi ne mai tsada, a nan ribar take. Aikin ƙaramin ke nan ya jawo mutane zuwa ga babban.

Ƙaramin faifan yana da fuska da baya. A fuska ake sa waƙar da kamfani ya yi imani da ita, wadda zai kashe wa kuɗin talla. A baya kuma sai a liƙa wata don kawai kada a bar wurin fili. Saboda haka duk ƙaramin faifai shaida ne a rubuce na hukuncin da kamfani ya yanke, kuma idan muka juya shi za mu ga abin da ya raina. Ma'aunin da za mu yi amfani da shi a nan shi ne jerin waƙoƙin da suka fi tashe a kowane mako, wanda mujallar Billboard ke fitarwa a Amurka, da kuma takwaransa na Birtaniya.

Waƙoƙin da Aka Raina

Bari mu fara da kamfanin Motown na birnin Detroit, domin da wuya a sami kamfanin da ya tsara wannan zaɓe kamarsa. Mai kamfanin, Berry Gordy, yakan tara ma'aikatansa duk ranar Juma'a da safe a saurari sababbin waƙoƙi a kaɗa ƙuri'a. Tambayar da ta shahara a wannan zama ita ce, idan kana jin yunwa kuma dala ɗaya ta rage maka, abinci za ka saya ko wannan faifai? Tsari ne mai kyau, ya kuma haifar da waƙoƙi masu tarin yawa da suka yi fice. Duk da haka, a 1967 Marvin Gaye ya rera "I Heard It Through the Grapevine" a hankali, cikin murya mai cike da zargi da ƙuna, Gordy ya ƙi yarda a sake ta. Wadda Gladys Knight ta rera da sauri ita aka fitar, ta kai matsayi na biyu. Ta Marvin Gaye sai aka cusa ta cikin kundinsa na 1968. Masu sa faifai a gidajen rediyo ne suka tono ta daga nan suka dinga sawa, masu sauraro suka dinga neman a maimaita, har kamfanin ya ga ba makawa ya fitar da ita a watan Oktoba na shekarar. Ta yi mako bakwai tana ta ɗaya, daga baya ma aka sake wa kundin suna da sunanta.

Misali na biyu ya fi wannan bayyana irin tsoron da muke magana a kai. A 1978 kamfanin Polydor ya sa Gloria Gaynor ta rera wata waƙa mai suna "Substitute", wadda ƙungiyar Clout ta Afirka ta Kudu ta riga ta yi kasuwa da ita a Turai a wannan shekarar. Lissafin a fili yake: abin da ya ci a can zai ci a nan. A bayan faifan aka ajiye "I Will Survive". Masu sa waƙoƙi a gidajen rawa na New York suka juya faifan, suka ga yadda mutane ke cika fili. A watan Maris na 1979 waƙar bayan ta zama ta ɗaya a Amurka, kuma har yau da ita aka san mawaƙiyar, ta fuskar kuwa ba kowa ke tuna ta ba.

Na uku daga maƙwabtanmu ne. A 1972 ƙasar Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka, Manu Dibango ya yi wa gasar take, ya sa "Soul Makossa" a bayan faifan. Faifan ya faɗa hannun wani mai shirya rawa a New York, daga nan ya shiga rediyo. Kafin kamfanin Atlantic ya sayi izinin buga shi a 1973, mawaƙa da dama sun riga sun kwaikwayi waƙar sun kai kasuwa, domin ana nema babu. Zakaran da Allah ya nufa da cara, in ji Hausawa, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Sai dai bai kamata wannan karin magana ya zama uzuri ga kamfanoni ba. Waɗannan ukun mun san su ne saboda wani ya juya faifan. Waɗanda ba a juya ba, babu mai labarinsu.

Abin lura a nan shi ne masu wannan hukunci ba jahilan kiɗa ba ne. Gordy da kansa marubucin waƙoƙi ne. Matsalar ita ce ma'aunin da ke hannunsu da waƙoƙin jiya aka sassaƙa shi, don haka duk waƙar da ta zo da sabon abu sai ma'aunin ya nuna ta gaza. Mai sa faifai a gidan rawa kuwa ba ya tambayar da me waƙa ta yi kama. Ƙafafun mutane yake kallo.

Hujjar Mai Waƙa

A 1978 kamfanin EMI na shirin fitar da kundin farko na Kate Bush, yarinya 'yar shekara goma sha tara. Shugabannin kamfanin sun so a fara da "James and the Cold Gun", domin ita ce ta fi kama da kiɗan da kunnuwa suka saba da shi. Ita kuwa ta kafe a kan "Wuthering Heights", waƙar da ta gina a kan littafin Emily Brontë na 1847, wadda a cikinta fatalwar Catherine ce ke magana a bakin taga, cikin wata siririyar murya da ba a saba ji a rediyo ba. Aka bi ra'ayinta. Waƙar ta yi mako huɗu tana ta ɗaya a Birtaniya, ta zama mace ta farko da ta kai wannan matsayi a can da waƙar da ta rubuta da kanta. Da an bi zaɓin kamfani, da an gabatar da ita a matsayin ɗaya daga cikin mawaƙa masu yawa. Zaɓinta ya sa tun daga minti na farko an san ba a taɓa jin irinta ba.

Haka ya faru da ƙungiyar Queen a 1975. Waƙarsu "Bohemian Rhapsody" ta kusa minti shida, ba ta da amshi, ta kuma haɗa salo uku ko huɗu a jere. Aka ce musu rediyo ba zai sa ta ba sai an datse. Suka ƙi, suka ba Kenny Everett na gidan rediyon Capital da ke Landan kwafi, shi kuma ya yi ta maimaita ta a ƙarshen mako guda har mutane suka fara zuwa kantuna neman faifan da bai fito ba. Ta yi mako tara tana ta ɗaya.

To, amma kada mai karatu ya ɗauka muna cewa mawaƙi ba ya kuskure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, sai dai ba shi ke ganin ɗakin daga waje ba. Tina Turner ba ta so "What's Love Got to Do with It" ba da aka fara kawo mata ita, manajanta Roger Davies ne ya lallashe ta. A 1984 waƙar ta kai ta matsayi na ɗaya a Amurka tana da shekara arba'in da huɗu, bayan an daɗe ana ganin zamaninta ya wuce. A wannan shekarar ce kuma Jon Landau ya gaya wa Bruce Springsteen cewa kundin da ya kusa kammalawa babu waƙar da za ta ja gaba a cikinsa. Ransa ya ɓaci, amma ya koma ya rubuta "Dancing in the Dark", wadda ta kai matsayi na biyu, mafi girman matsayin da ya taɓa kaiwa a jerin. Mawaƙi yakan so waƙa saboda wahalar da ya sha a kanta, ya kuma raina wadda ta zo masa a sauƙaƙe. Mai sauraro bai san wannan wahala ba, ba kuma ruwansa da ita. Saboda haka kunnen waje yana da amfani, in dai mai shi sauraron waƙar yake yi, ba lissafin jiya ba.

Darasin Kundin Thriller

Zaɓen singil ba ya ƙarewa a kan waƙa guda, domin akwai batun wace za ta bi wace. Babu inda wannan ya fito fili kamar kundin Thriller na Michael Jackson, wanda kamfanin Epic ya fitar ranar 30 ga Nuwamba, 1982, Quincy Jones kuma ya yi furodusa. Waƙoƙi tara ne a ciki, an fitar da bakwai a matsayin singil, kuma dukkansu sun shiga cikin goma na farko a Amurka.

Wadda aka fara turawa a watan Oktoba ita ce "The Girl Is Mine", da ya yi tare da Paul McCartney. Mu a ganinmu ita ce mafi rauni a cikin bakwai ɗin. Waƙa ce mai laushi, babu wani abin mamaki a cikinta. Amma akwai dalili. A wancan lokaci gidajen rediyon Amurka a rarrabe suke, da yawa daga cikin masu yi wa farar fata hidima sun juya wa kiɗan baƙaƙe baya tun bayan faɗuwar disko a 1979. Muryar tsohon ɗan ƙungiyar Beatles mabuɗi ce da babu gidan rediyon da zai ƙi. Waƙar ta kai matsayi na biyu.

Wani zai ce ai ga shi tsoro ya yi rana. Amsarmu ita ce akwai bambanci tsakanin tsoro da dabara. Mai tsoro ɓoye waƙarsa mai ƙarfi yake yi a bayan faifai. Su kuwa sun san abin da ke hannunsu, ƙofa kawai suka aika a buɗe masa. A watan Janairun 1983 suka saki "Billie Jean", waƙa mai duhu a kan zargin ciki da musun uba, mai doguwar shimfiɗar kiɗa kafin a ji murya, shimfiɗar da Jackson ya ƙi yarda a rage. Ta yi mako bakwai tana ta ɗaya. Tun ba ta sauka ba suka biyo ta da "Beat It" a watan Fabrairu, wadda Eddie Van Halen ya kaɗa wa jita, domin a shiga gidajen rediyon masu kiɗan rok. Ita ma ta zama ta ɗaya. Daga nan sai "Wanna Be Startin' Somethin'" ta masu rawa, wadda amshinta na ƙarshe ya jawo taƙaddama da Manu Dibango har aka sasanta a wajen kotu. Sai "Human Nature" mai sanyi, sai "P.Y.T." A ƙarshe, da ciniki ya fara ja da baya, aka ɗauko waƙar da kundin ya ci sunanta, John Landis ya shirya mata fim na kusan minti goma sha huɗu, aka nuna shi a watan Disambar 1983, ciniki ya sake tashi.

Kowace waƙa wasu mutane dabam aka aika ta ta kirawo, kuma babu wadda ta maimaita ta gabanta. Duk da haka ba za mu ɓoye ba, caca ce. Da a ce waƙar farko kaɗai aka ji, da an yi wa kundin mummunar fahimta. Abin da ya cece su shi ne tazarar ba ta yi tsawo ba, kuma abin da ke biye ya fi ƙarfin a yi shakkarsa. Kundin da ba shi da irin "Billie Jean" a ajiye, bai kamata ya kwaikwayi wannan dabara ba.

Ɗanɗanon da Ya Saɓa wa Kaya

Akwai wani kuskuren da ba ya bayyana nan take, domin da farko kama da nasara yake yi. Ƙungiyar Extreme ta birnin Boston masu kiɗa ne mai ƙarfi da amon jita. A 1991 aka fitar da "More Than Words" daga kundinsu na biyu, waƙa mai taushi da jita guda da muryoyi biyu. Ta zama ta ɗaya a Amurka, kundin ya sayu sosai. Sai dai wanda ya saya don ya ji irinta, abin da zai tarar a yawancin kundin dabam ne ƙwarai. Jama'a suka san ƙungiyar da abin da ba shi ne sana'arta ba, kuma kundin da ya biyo baya a 1992 bai kai na farkon ciniki ba. Waƙar kyakkyawa ce, ba mu musa ba. Amma mai tumatir da ya jera manya a saman kwando ya sayar yau, gobe sai ya nemi wani mai sayen.

A tsakiyar shekarun 1990 kamfanonin Amurka suka ƙara wani salo. Sai su tura waƙa rediyo, su ƙi buga ta ita kaɗai, domin mai so ya sayi kundin gaba ɗaya. "Don't Speak" ta ƙungiyar No Doubt ta yi mako goma sha shida tana kan gaba a rediyo daga ƙarshen 1996, amma ba ta shiga babban jerin Billboard ba a lokacin, domin babu singil ɗinta a kantunan Amurka. Sai a watan Disambar 1998 mujallar ta sauya ƙa'ida ta fara ƙirga irin waɗannan waƙoƙi. Mutane da yawa sun biya kuɗin waƙa goma sha biyu alhali guda suke so. Da Napster ya bayyana a 1999, aka fara musayar waƙoƙi kyauta ta intanet, sannan kantin iTunes ya fara sayar da kowace waƙa a kan santi 99 a 2003, sai masu saye suka rama.

Halin da Ake Ciki Yau

Yanzu da ake sauraron waƙoƙi ta manhajoji irin su Spotify, kowace waƙa ta kundi a buɗe take tun ranar farko, kuma kamfani na iya ganin wadda ake maimaitawa da wadda ake tsallakewa. Ana iya cewa gardama ta ƙare ke nan, alƙaluma za su yi zaɓe. Akwai gaskiya a ciki. Kundin Lover na Taylor Swift ya fito a 2019, waƙar da aka fara turawa ita ce "Me!" Amma masu sauraro "Cruel Summer" suka riƙe shekara da shekaru, har aka fitar da ita a matsayin singil a watan Yunin 2023, ta zama ta ɗaya a watan Oktoba, shekara huɗu bayan fitowar kundin. Wannan shi ne juya faifai na wannan zamani.

Sai dai tsohon tsoron bai mutu ba, riga ya sauya. Spotify ba ya ƙirga sauraro sai an kai daƙiƙa talatin, don haka ake matsa wa mawaƙa su kawo amshi da wuri, su yanke shimfiɗa, su taƙaita waƙa. Wannan ma'auni, da shi aka auna "Bohemian Rhapsody" ko shimfiɗar "Billie Jean", da an ce a datse su. Alƙaluma suna faɗin abin da mutane suka so a cikin abin da aka riga aka ba su. Waƙar farko kuwa, wadda za ta fita kafin kowa ya ji kundin, har yanzu mutum ne zai zauna ya zaɓe ta da kunnensa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna ganin tambayoyi huɗu ya kamata kamfani ya yi wa kansa. Ta farko, wace waƙa ce a kundin nan da babu wanda zai iya yin ta sai wannan mawaƙin? Ta biyu, wanda ya ji ta ya sayi kundin, zai ce an cuce shi? Ta uku, idan an tura mai laushi gaba don buɗe ƙofa, me ke biye da ita, kuma yaushe? Ta huɗu, idan masu sauraro suka nuna wata dabam, a shirye ake a sauya ra'ayi cikin gaggawa, ko sai an tsaya kare girman wanda ya yi zaɓen farko? Ko Gordy da ya ƙi waƙar Marvin Gaye fiye da shekara guda, abin yabonsa shi ne da ya ga alama ya sakar mata hanya.

Mu ma da ke tara waƙoƙi da gajerun labarai a kundi, wannan zaɓe yana jiranmu duk ranar da za mu ware guda mu aika wa edita, ko mu karanta a gaban taro, ko mu raɗa wa littafi sunanta. Sau da yawa hannu kan tafi ga wadda ta yi kama da abin da aka tafa wa wani a zaman da ya wuce. Kafin mu miƙa ta, yana da kyau mu koma mu duba wadda muka tura can ƙarshen littafi don muna jin nauyin a gan ta, mu karanta wa mutum biyu ko uku da ba sa jin kunyarmu, mu ga a kan wace suka ce a maimaita.